Darasi: Baƙin Kalmomin Turanci a Jikin Buhun Taki da Kwalbar Magani

Mutum yakan yi nisa a ajin manya har ya riƙa karanta allon kanti da saƙon waya da takardar makarantar yara cikin Turanci, amma da zarar ya ɗauki buhun taki ko kwalbar maganin feshi sai karatu ya tsaya cik. Kalmomin dogaye ne, harshe ba ya juya su, kuma ba a jin su a bakin kowa a kasuwa. A nan ne da yawa suke sarewa, su ce kansu ne ba ya ja. Ku cire wannan daga ranku. Shi kansa Baturen da aka haifa a Ingila sai an zaunar da shi an koya masa waɗannan kalmomi, domin yawancinsu ba Turancin cikin gida ba ne.

Kalmomin da Turanci ya tashi da su gajeru ne: water, leaf, root, seed, salt, wato ruwa, ganye, saiwa, iri, gishiri. A shekarar 1066 Normawa suka ƙetaro daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnuka, Latin kuma ya riƙe coci da makaranta. Daga baya da masana kimiyya suka tashi raɗa wa sababbin abubuwa suna, sai suka riƙa ɗebo guntaye daga Latin da Girkanci suna harhaɗawa. Shi ya sa fiye da rabin kalmomin da ke cikin babban ƙamus na Turanci aro ne. Abin da zai amfane mu a nan shi ne, kalmar da aka harhaɗa ana iya kwance ta.

Kalma tana da gaɓoɓi

Kun riga kun san wannan a Hausa. In kuka ji manomi, maƙeri, maɗinki, kun san ma- ɗin nan na farko yana nuna mai yin aikin. In kuka ji Bakano ko Bazazzagi, ba- ya gaya muku mutumin wani gari ne, ko da ba ku taɓa jin sunan garin ba. Malaman nahawu suna kiran abin da ake liƙawa a gaban kalma ɗafa-goshi, na bayanta kuma ɗafa-ƙeya. Turancin kimiyya cike yake da su.

Mu fara da ɗafa-ƙeyar da ta fi kowace yawo a shagon maganin gona, wato -cide. Daga Latin take, ma'anarta mai kashewa. Abin da ya zo kafin ita shi ne abin da ake kashewa. Herbicide yana kashe ciyawa. Insecticide yana kashe ƙwari. Fungicide yana kashe funfuna da danginta, irin masu kawo burtuntuna a kan dawa ko ruɓa a jikin tumatir. Rodenticide na ɓera da gafiya ne. Nematicide na wasu tsutsotsi ne na cikin ƙasa da ido ba ya gani, masu sa saiwar tumatir ta yi ƙulu-ƙulu shukar ta tsumbure. Pesticide kuwa shi ne sunan da ya tattara su duka. Mu a baki duk magani muke ce musu, kuma a nan asarar take shigowa. Manomin da funfuna ta kama wa tumatir, in ya sayi maganin ƙwari ya fesa, ya zubar da kuɗinsa, ya shaƙi guba a banza, cutar kuma tana nan tana ci.

A jikin maganin ciyawa za ku ga pre-emergence ko post-emergence. Pre- shi ne kafin, post- shi ne bayan, emergence kuma fitowar tsiro daga ƙasa. Na farko ana fesa shi a kan ƙasa mai danshi tun ciyawa ba ta tsiro ba, na biyu sai ta fito. Selective yana nufin mai zaɓe, wato yana kashe wasu tsirrai ya bar wasu. In aka sa non- a gabansa an kore ma'anar ke nan: non-selective ba ya zaɓe, duk koren da ya taɓa ya tafi, har da masarar da kuka sha wahalar shukawa. Contact yana ƙone inda ya taɓa kawai. Systemic kuwa yana shiga jikin shuka ya bi ta har saiwa, don haka ba a ganin aikinsa a rana ɗaya, kuma wanke ganye da ruwa ba ya fitar da shi.

Akwai tarko ɗaya da ya kamata ku haddace. Sau da yawa in- a farkon kalma korewa take yi, kamar a insoluble, abin da ba ya narkewa, kishiyar soluble. To amma inflammable ba ta nufin abin da ba ya kama wuta. Ita da flammable ma'anarsu ɗaya: mai saurin kamawa da wuta. Wanda ba ya kamawa shi ake rubuta wa non-flammable. Duk gwangwanin da kuka ga ɗaya daga cikin biyun farko a jikinsa, ku nisanta shi da murhu da fitila da sigari.

Haruffa uku na jikin buhu

Duk abin da ke duniya, daga iska har ƙarfe, an gina shi ne da wasu sinadarai na asali waɗanda Turanci ke kira element. An san 118 a yau. Wani masani ɗan Rasha, Dmitri Mendeleev, ya jera waɗanda aka sani a zamaninsa cikin jadawali a 1869, kuma kowanne yana da harafi ɗaya ko biyu da duniya duka ta yarda da su. NPK haruffa ne na guda uku daga cikinsu.

N shi ne nitrogen, naitirojin a bakinmu. Shi ke sa ganye ya yi kore shar, kara ya miƙe. In ya yi ƙaranci, tsofaffin ganyayen ƙasa ne ke fara yin ɗorawa, shuka ta tsaya ba ta gaba. 'Yan'uwanmu na Nijar za su ga azote a takardun Faransanci, amma harafin nan N bai canza ba, kuma amfanin haruffan ke nan. P shi ne phosphorus, fosfaras, mai ƙarfafa saiwa da taimaka wa fure da ƙwaya. In babu shi ƙaramar masara takan yi wani ja-ja mai duhu a ganye. K shi ne potassium, fotasiyam, mai taimaka wa shuka jure fari da cuta. Ƙarancinsa yakan sa gefen ganye ya bushe kamar an babbaka. Za mu zo kan dalilin da ya sa harafinsa K ne ba P ba.

Lambobin da ke biye da haruffan kaso ne cikin ɗari, a jere yadda haruffan suke. Buhun 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 7.5 na kowanne. Buhun 20-10-10 yana da kilo 10 na naitirojin da kilo biyar-biyar na sauran. Wani lokaci a ƙasan lambobin za ku ga P2O5 da K2O. Wannan hanyar awo ce ta masu yin taki, kada ta ruɗa ku. Yuriya kuma, wadda ake rubutawa urea, tana da kaso 46 na naitirojin, wato kilo 23 a buhu. Ku yi lissafin da kanku: buhu ɗaya na yuriya ya ɗan ɗara buhu uku na 15-15-15 a naitirojin, amma ba shi da ko ƙwayar fosfaras ko fotasiyam. Saboda haka tambayar wanne ya fi ƙarfi ba ta da kai. Tambayar ita ce me gonar take nema, kuma a wane lokaci. Wanda ya iya wannan lissafi ba ya sayen taki da kyan buhu ko da daɗin bakin mai shago. A ganina ko wannan kaɗai kuka ɗauka daga darasin, zamanku bai tashi a banza ba.

Sunan yuriya daga kalmar Girkanci ta fitsari ya fito, domin a cikinsa aka fara gano ta. A 1828 wani Bajamushe, Friedrich Wöhler, ya haɗa ta a ɗakin gwaji ba tare da ta bi ta jikin mutum ko dabba ba. Wadda ke kasuwa yau daga iskar gas ake sarrafa ta a masana'antu, irin na Onne da Eleme kusa da Fatakwal da na Lekki a Legas. Na faɗi wannan ne don mai tunanin najasa ya kwantar da hankalinsa.

Kalmomi uku suna tafiya da yuriya, kuma kowace tana gaya muku yadda za ku riƙe ta. Hygroscopic: mai zuƙar danshi daga iska. Shi ya sa buhun da aka bari a buɗe da damina yake dunƙulewa ya yi ruwa. A ɗaure baki, a ɗora a kan katako. Volatile: mai saurin bin iska. Yuriyar da aka watsa a kan ƙasa aka bari a rana, wani kaso na ƙarfinta yakan tashi ya zama ammonia, iskar nan mai hawa kai da ake ji a kejin kaji. Don haka ake binne ta. Leaching kuma shi ne ruwan sama ya wanke taki ya nutsa da shi ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. Ya fi tsanani a jigawa, kuma shi ya sa malaman gona ke cewa a raba takin kashi biyu maimakon a zuba shi gaba ɗaya.

Tsami da kanwa

Acid shi ne abu mai tsami, daga kalmar Latin ta tsami. Ruwan lemun tsami, tsamiya, yakuwa, nono mai tsami, duk suna da shi, haka ruwan batir wanda ke cin tufa da fata. Kishiyarsa ita ce alkali. Ku lura, ba alƙalin kotu ba ne, ko da yake rubutun ya yi kama. Daga Larabci take, al-ƙalyu, tokar wasu tsirrai da ake yin sabulu da ita. Ruwan toka da kanwa da sabulu duk a wannan ɓangare suke. Daga wannan kalma ta Larabci aka ƙera kalium, sunan fotasiyam a Latin ɗin masana, kuma daga nan harafin K ya zo. Ita kuma potassium daga potash take, pot da ash, tukunya da toka, domin haka ake samun ta a da: a jiƙa toka, a tace, a dafa ruwan a tukunya har ya ƙafe. Duk macen da ta taɓa tsiyayar ruwan toka don yin sabulun salo ta yi wannan aiki da hannunta. Wani Bature ɗan Ingila, Humphry Davy, shi ya fara ware tsantsar sinadarin a 1807.

A nan akwai ruɗanin da ya zama ruwan dare. A Turancin kasuwannin Nijeriya ana kiran kanwa potash. Amma kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga da Kawar, ungurnu ce ko jar kanwa, yawancin abin da ke cikinta sodium ne, irin wanda ke cikin gishirin miya, fotasiyam ɗinta kaɗan ne. Sunanta na gaskiya a Turanci natron ko trona, kuma daga natron aka samo Na, haruffan sodium. Kada wani ya ji an ce K potash ne ya ɗebi kanwa ya kai gona. Ba taki ba ce, kuma in ta yi yawa tana kashe ƙasa.

Ana auna tsami da kishiyarsa da ma'aunin pH, wanda wani masani ɗan Denmark, Sørensen, ya fito da shi a 1909. Yana tafiya daga 0 zuwa 14. Bakwai ita ce tsakiya, wurin tsantsar ruwa. Ƙasa da bakwai tsami ne, sama da bakwai ɓangaren kanwa ne, kuma kowane taki ɗaya ninki goma ne: ƙasa mai 5 ta ninka mai 6 tsami sau goma. Ruwan lemun tsami yana wajen 2. Yawancin amfanin gona ya fi son tsakanin 6 da 7.

Ga gwajin da za ku yi a aji. A jiƙa zoɓo a tace, a zuba a kofunan gilashi uku. A bar na farko yadda yake. A matsa lemun tsami a na biyu: jansa zai ƙara haske ya yi wur. A na uku a riƙa ɗiga ruwan kanwa a hankali ana kallo. Inda ɗigon ya faɗa za ku ga duhu ya bazu, jan ya mutu, ruwan ya koma shuɗi-shuɗi, in an ƙara ya karkata zuwa kore mai duhu. Yanzu a matsa lemun tsami a cikin wannan na ukun. Zai ɗan yi kumfa, sannan jan ya fara dawowa. Abin da ke canza launi haka sunansa indicator, mai nuni. Kumfar iskar carbon dioxide ce. Yadda tsami da kanwa suka kashe ƙarfin juna kuma shi ne neutralisation. Uwargida da ke jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa don ta karya tsami, wannan aikin take yi kullum.

Kalmar lime tana da fuska biyu. Lemun tsami lime ne, garin farar ƙasa da ake samu daga dutsen siminti, irin na Kalambaina da Ashaka da Malbaza, shi ma lime ne. In takardar malamin gona ta ce a sa wa ƙasa mai tsami lime, na biyun ake nufi, shi ne mai karya tsami.

Mata masu sana'ar sabulu, wannan taku ce. Sodar da kuke saya caustic soda ce, sunanta na kimiyya sodium hydroxide. Caustic daga Girkanci take, mai ƙuna. Corrosive kuma mai cin abin da ya taɓa. Ana zuba sodar a cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kanta, domin tana yin zafi ta fantsama. In ta taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai yawa na tsawon lokaci, sannan a nufi asibiti. Narkakkiyar soda ba ta da launi, yaro ba ya bambanta ta da ruwan sha, kuma in ya kurɓa tana ƙone maƙogwaro ƙunar da kan bi shi har girma. Kada a taɓa ajiye ta a gorar ruwa ko kwalbar lemo.

Kalmar alcohol ma Balarabiya ce, daga al-kuhl, tushen da ya ba mu kwalli. Da farko tana nufin gari mai laushi, sannan ta koma sunan tsantsar abin da aka tace ta hanyar tururi. Sinadaran wannan gida suna ƙarewa da -ol. Ethanol shi ne na cikin giya da ruwan goge hannu, methanol kuwa guba ne mai makantarwa da kisa. Shi kuma kwalli na dutse mai ƙyalli, sau da yawa galena ne, dutsen dalma. Dalma ita ce lead, haruffanta Pb. Mun ga aikinta a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, inda ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Ra'ayina a fili yake: kada a sa wa jariri kwallin da ba a san asalinsa ba.

Ganye, saiwa da fure

Ilimin tsirrai shi ne botany. Chloro- kore ne, -phyll ganye, don haka chlorophyll shi ne koren ganye, abin da ke kama hasken rana. Photo- haske ne, synthesis haɗawa: photosynthesis shi ne yadda ganye ke haɗa abinci daga ruwa da iska da taimakon haske. Chlorosis kuma ɗorawar nan ce da ganye ke yi in koren ya gudu.

Abin da muke haƙowa daga ƙasa, masana sun rarrabe shi. Doya da dankalin Turawa tuber ne. Albasa da tafarnuwa bulb ne. Gwaza corm ce. Citta rhizome ce, wato kara ne mai tafiya a kwance a ƙarƙashin ƙasa, daga rhiza, saiwa a Girkanci. Annual shuka ce mai shekara ɗaya kamar gero, perennial mai daɗewa kamar mangwaro, deciduous mai zubar da ganye a wani lokaci na shekara kamar kuka.

Legume ta cancanci a tsaya a kanta. Ita ce duk shukar da ke yin 'ya'ya a cikin kwanso irin na wake: wake, gyaɗa, gurjiya, waken soya, har da manyan itatuwa kamar ɗorawa da tsamiya da gawo. Kaso 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma gero da dawa ba su iya ɗaukar sa daga iska. Ku tuge gyaɗa mai kwana arba'in ku karkaɗe ƙasar a hankali. Za ku ga 'yan ƙulalai girman ƙwayar gero a manne da saiwa. Sunan kowanne nodule. Ku fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne kamar nama, yana aiki: wasu ƙwayoyin halitta da ake kira Rhizobium suna ciki suna kama naitirojin na iska suna ba shukar. Wannan shi ne nitrogen fixation. Kakanninmu da suke shuka wake a tsakanin gero, da manoman Damagaram da Maraɗi da ke barin gawo a gona domin sun ga hatsi ya fi kyau a gindinsa, sun riga littafi sanin amfanin abin.

Parasite shi ne mai rayuwa a jikin wani yana zuƙar sa, kamar ƙuduji a saiwar dawa ko kauci a reshen itace. Wanda ake zuƙa shi ne host. Pollen shi ne garin fure, irin bununin gero. Dioecious, daga di- biyu da kalmar gida, ita ce shukar da namiji daban mace daban, kamar dabino da giginya da goruba. A jikin ledar iri kuma za ku ga hybrid ko OPV. Hybrid iri ne da aka aurar da iyaye biyu aka samu. Yana ba da amfani sosai a shekarar farko, amma in aka ajiye 'ya'yansa aka sake shukawa sai su rarrabu, amfanin ya ragu, don haka ake sayen sabo kowace shekara. OPV ana iya ajiye shi a maimaita 'yan shekaru. Sunaye irin SAMMAZ da SAMPEA da SAMNUT da SAMSORG na masara da wake da gyaɗa da dawa ne, SAM ɗin kuma Samaru ce, cibiyar binciken aikin gona ta Zariya. In an rubuta treated ko dressed, an cakuɗa irin da magani. Ba a ci, ba a ba dabba.

Sunaye masu kalma biyu

Itacen nan mai ɗaci da ke bakin titunanmu, wani gari darbejiya ne, wani dogon yaro, wani maina, wani bedi. In Hausa kaɗai ta ba shi suna huɗu, ina ga duniya? Wannan matsala ce wani masani ɗan Suwidin, Carl Linnaeus, ya magance a littafinsa na 1753, inda ya ba kowace shuka suna mai kalma biyu a Latin. Ta farko sunan dangi ne, da babban baƙi. Ta biyu ta ita shukar ce, da ƙaramin baƙi. Darbejiya ita ce Azadirachta indica a ko'ina, kuma indica tana gaya muku daga Indiya ta zo.

Kalmar ta biyu takan yi bayani. Sativa ko sativum, wadda ake nomawa: shinkafa Oryza sativa, tafarnuwa Allium sativum. Esculentus, wadda ake ci: kuɓewa Abelmoschus esculentus, aya Cyperus esculentus. Oleifera, mai ba da mai: zogale Moringa oleifera. Officinale, ta ɗakin magani: citta Zingiber officinale. Gyaɗa Arachis hypogaea ce, hypo- ƙarƙashi, gaea ƙasa. Maɗaci Khaya senegalensis ne, sabara Guiera senegalensis, domin an danganta su da Sanagal.

Kuka Adansonia digitata ce. Digitata ta nuna ganyenta mai kama da yatsu, Adansonia kuma sunan Michel Adanson ne, Bafaranshen da ya isa Sanagal a 1749. Ɗorawa Parkia biglobosa ce, don tunawa da Mungo Park wanda ya mutu a Busa a 1806 bayan ya wuce Yawuri. Ni dai wannan bai kwanta mini ba, a raɗa wa itacen da mutane suka yi dubban shekaru suna miya da daddawa da shi sunan baƙon da ya zo wucewa. Amma sunan ya zauna, kuma da shi za ku samu abin da aka rubuta a kan itacen a kowane harshe. Tun 1916 wani likita, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya jera su da na Latin a littafi guda.

Ƙananan rubutun jikin kwalba

Babban sunan da ke gaban kwalba na kamfani ne. Ku nemi inda aka rubuta active ingredient, wato ainihin sinadarin da ke aikin, da yawansa a lita. Kwalabe biyar masu suna daban-daban da farashi daban-daban suna iya zama glyphosate ɗaya. Concentrate mai kauri ne da ba a sirka ba, dilute kuma a sirka. Residue shi ne ragowar magani da ke maƙalewa a jikin abinci. Saboda ragowar dichlorvos, wanda ake taƙaitawa DDVP, Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015, kuma waken da aka ƙi karɓa a can irinsa muke dafawa a gida. Pre-harvest interval shi ne adadin kwanakin da dole a jira tsakanin feshi na ƙarshe da ɗiba. Mai tumatir da ya fesa yau ya ɗiba gobe ya ɗauki alhakin duk wanda ya ci.

Fumigant magani ne mai aiki ta hanyar tururi, kamar ƙwayar aluminium phosphide da ake sa wa hatsi. Iskar da take fitarwa tana kashe mutum a ɗakin da yake kwana. Toxic mai guba ne, antidote makarin guba, kuma akwai magunguna irin paraquat da ba su da makari. Zanen launi a gindin kwalba ma magana ce: ja ya fi kowane haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. A Nijeriya ku duba lambar rajistar NAFDAC da ranar da maganin zai lalace.

Aiki

1. Buhun taki mai kilo 50 an rubuta masa 20-10-10, wani kuma 27-13-13. Kilo nawa na naitirojin ke cikin kowanne?
2. Hydro- ruwa ne, phyto- shuka ne, an- korewa ce. Me kuke tsammani phytotoxic da anhydrous suke nufi? Ku faɗi zatonku kafin ku buɗe ƙamus.
3. Rogo Manihot esculenta ne, aduwa Balanites aegyptiaca. Me kalma ta biyu ta gaya muku a kowanne?
4. Ku yi gwajin zoɓo a gida da ruwan toka maimakon kanwa, ku rubuta abin da kuka gani cikin jimla uku.

Kafin haɗuwa ta gaba, kowa ya kwafo kalmomi biyar da suka gagare shi daga jikin buhu ko kwalba ko ledar iri da ke gidansa. A takarda za ku kwafo su. Kada kowa ya shigo aji da kwalbar magani, ko da babu komai a cikinta, kuma ku wanke hannu da sabulu bayan kun taɓa ta.